Yadda za ka gane ko faɗaɗa titi zai kashe gosulo ko asarar kwalta ce kawai

Duk lokacin da gwamna ya fito ya ce za a faɗaɗa titi kaza ko za a yi gadar sama a mahaɗa kaza, sai ka ga an rabu gida biyu, 'yan jam'iyyarsa na cewa shi ke nan cunkoso ya zama tarihi, 'yan adawa na cewa hanyar cin kuɗi ce kawai, kuma a cikinsu duka da wuya ka samu wanda ya taɓa zuwa ya tsaya a wurin na minti talatin ya ga wai shin me ke tare motocin ma tukuna. To wannan na wanda yake son ya auna abin da kansa ne. Ba sai ka zama injiniya ba, wayarka da biro da takarda sun isa, sai ɗan haƙurin shan rana da hayaƙin salansa.

Amsar a taƙaice dai, a cikin babban gari da ke ta cika yana batsewa, ƙara wa titi faɗi na kawo sauƙi na 'yan shekaru, daga nan gosulon ya dawo, wani lokacin ma ya fi na da muni. Amma ba ko'ina ba ne, akwai inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu, kuma rarrabe su shi ne aikin da za mu yi.

Ka fara riƙe labarin Houston a kanka, domin shi ne ma'aunin da kowa ke komawa gare shi. Houston babban birni ne a jihar Texas ta Amurka, akwai wata babbar hanya da ta tashi daga tsakiyar garin ta nufi yamma, ana ce mata Katy Freeway. Cunkoso ya ishe su, sai suka yi abin da kowa ke cewa a yi, daga 2003 zuwa 2008 suka faɗaɗa ta, aikin ya ci wajen dala biliyan 2.8, a wani wurin in ka haɗa da ƙananan titunan da ke gefenta layi 26 ne reras. Layi ashirin da shida fa malam, ka tsaya a wannan gefen da ƙyar ka gane fuskar wanda ke can gefen. Da aka buɗe kam an sha iska, tafiya ta yi sauri, an yi ta yabo. Amma da aka duba lissafin lokacin tafiya tsakanin 2011 da 2014, sai aka ga na safe ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin ɗari, na yamma da wajen kashi 55. A Los Angeles ma haka, sun kashe sama da dala biliyan 1 daga 2009 zuwa 2014 suna ƙara layi a hanyar 405, aka gama, lokacin tashi daga aiki tafiyar tana nan yadda take, wasu ma'aunan ma sun nuna ta ɗan ƙara nauyi. Waɗannan fa ba ƙasashe ba ne da za ka ce ɗan kwangila ya cinye kuɗin ko an yi aikin jeka-na-yi-ka, aikin ya yi kyau, titin ne dai ya sake cika.

Daga ina motocin suka fito? Nan ne wurin da ya kamata ka gane da kyau, in ka gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Anthony Downs, ya yi bayanin tun 1962. Kafin a faɗaɗa titi akwai mutane da yawa da suke son binsa amma gosulo ya kore su. Akwai wanda yake ratsawa ta lungu da saƙo don ya kauce masa. Akwai wanda yake fita ana idar da sallar asuba, ba don yana so ba, don kada layi ya ritsa da shi. Akwai wanda ya ajiye motarsa a gida yana hawa bas ko jirgin ƙasa. Ranar da aka yanke ƙyallen sabon titi, duk waɗannan ukun za su dawo, mai lungu ya hau babban titi, mai sammako ya ƙara barcinsa ya fito ƙarfe bakwai da rabi tare da kowa, mai bas ya kakkaɓe motarsa. Wannan na watannin farko ne kawai. Can gaba kuma sai wanda da yake haya a cikin gari ya ce ai yanzu minti ashirin ne, bari in sayi fuloti can bayan gari in yi gini, kamfani ya kai sitonsa can, makaranta ta buɗe reshe can, kowannensu kullum yana hawa titin sau biyu ko huɗu.

A 2011 wasu masana biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, suka ɗauki bayanan biranen Amurka na shekarun 1983 zuwa 2003 suka yi lissafi, abin da suka samu shi ne in gari ya ƙara tsawon layukan manyan hanyoyinsa da kashi 10, yawan kilomitocin da motoci ke ci shi ma yana ƙaruwa da kusan kashi 10 ɗin. An sake irin wannan lissafi a Japan da biranen Turai, sakamakon bai yi nisa da wannan ba. A Ingila ma wani kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan manyan hanyoyi ya amsa tun 1994 cewa sabon titi da kansa yana haifar da sababbin tafiye-tafiye, kuma hanyar M25 da ta zagaye Landan tun da aka kammala ta a 1986 ake ta ƙara mata layi tana sake cika.

Abin kamar rabon abincin buɗa-baki ne a ƙofar gidan mai kuɗi da azumi. Layi ya yi tsawo, ya ce a ƙara tukunya biyu, kwana uku kowa na samu da wuri, labari ya bazu unguwanni, sati bai zagayo ba layin ya koma tsawonsa na da. An ciyar da mutane da yawa kam, wannan gaskiya ne kuma alheri ne, amma layi bai ragu ba. Titi ma kyauta ake hawansa, kuɗin da kake biya shi ne lokacinka, to in lokacin ya yi araha masu saye za su ƙaru har ya koma tsadarsa. A ƙasashenmu kuma abin ya fi tsanani, domin yawancin mutane ba su mallaki mota ba tukuna, duk wanda ya ɗan samu sarari 'yar Kwatano zai fara nema, ga garuruwan kansu kullum ƙara mutane suke.

To yanzu tashi ka je wurin.

Ka zaɓi Talata ko Laraba, kada ka je Juma'a don masallaci na tare hanya, kada ka je lokacin hutun makaranta ko satin sallah ko ranar da aka tafka ruwa, duk za su ba ka hoton ƙarya. Ka je lokacin da abin ya fi cushewa, safe wajen bakwai zuwa tara ko bayan la'asar zuwa isha. Abin da mutane ke yi shi ne su tsaya a tsakiyar gosulo su ɗauki bidiyo su ce kun ga titin ya yi kaɗan. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka ajiye abin hawanka ka taka a ƙasa, ka bi layin har ka kai kansa, wato daidai inda in mota ta wuce sai ka ga direba ya saki birki ya ba ta wuta. Wurin nan shi ne ciwon, duk abin da ke bayansa jela ce kawai.

Ka tsaya a nan ka zuba ido. Sau da yawa abin da za ka gani shi ne titi mai layi uku, layin gefe masu shaguna da kwastomominsu sun yi fakin sun cinye shi, gaban motocin kuma mai lemo da mai kankana sun kasa kaya har kan kwalta. Layi na biyu ɗan sahu ya hango wata mata da yara biyu ta ɗaga hannu, ya taka birki a inda yake ba sigina ba komai, ana ciniki, ita tana cewa ɗari biyu shi yana cewa uku, na bayansa ya karkato kai zai wuce sai shi ma ya hango nasa fasinjan, hayis ta zo ta tsaya a bayansu kwandasta ya rataye a ƙofa yana kiran unguwa. Saura layi ɗaya, shi ma ga wani ya biyo wan-we da kurkura cike da buhuna yana danna oda kamar shi ke da gaskiya. In abin da ka gani ke nan, to titin nan ba faɗi ya rasa ba, layi uku gare shi ana amfani da ɗaya. Ka ƙara masa na huɗu, wata shida mai kankana ya matso da teburinsa, masu fakin su koma jere biyu.

Wani lokacin kuma kan layin shataletale ne da hanyoyi biyar suka haɗu, ko danjar da ta mutu, ko wurin juyawa da aka buɗe a tsakiyar titi kowa na kutsa kai, ko rami ɗaya da ruwa ya ci wanda kowace mota sai ta rage gudu ta lallaɓa, ko shingen jami'an tsaro, ko gidan mai da layinsa ya fito titi, ko ƙofar makaranta lokacin tashi. Ka rubuta abin da ka gani. Kuma kada ka raina mutanen wurin, ka sayi ruwan leda a hannun mai tebur ka ce masa, Baba don Allah daga ƙarfe nawa wurin nan ke cushewa, kuma yaushe yake sakin jiki? Wallahi zai ba ka bayanin da ba ya cikin takardar kowane ofis, har ranar da tireloli ke sauke kaya zai gaya maka.

Sai lissafi, ɗan kaɗan ne kada ka tsorata. Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce. Direba mai hankali yana barin tazarar wajen daƙiƙa biyu tsakaninsa da ta gabansa, ka raba ka samu mota 1,800 a awa a layi ɗaya, kuma abin da injiniyoyi ke samu a manyan hanyoyin da ba danja ba mahaɗa bai wuce nan da nisa ba, 1,800 zuwa 2,000 da 'yan kai. In akwai danja da ke ba hannunku rabin lokaci, ya koma wajen 900. Ɗan sahu ɗaya ya tsaya na daƙiƙa ashirin ya tare layi, ya ci rabon mota goma. Ka ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a minti goma sai ka ga inda titin ke zurarewa. Abin haushin kuma, in motoci suka wuce iyakar abin da layin zai iya ɗauka, ba tsayawa yake a iyakar ba, faɗowa yake, titin da ya cushe yana wuce da motoci ƙasa da wanda ke tafiya sumul. Wasu masana a Japan sun taɓa sa motoci 22 su yi ta zagaye a da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya riƙe gudu ɗaya, ba rami ba danja ba ɗan sanda, amma cikin ɗan lokaci gosulo ya haɗu da kansa, don wani ya ɗan taɓa birki na bayansa ya taɓa fiye da shi. Wannan na nufin ba sai an kwashe rabin motoci ba kafin titi ya saki, ɗan ragi kaɗan a daidai lokacin cushewar yana iya warware shi, shi ya sa kake ganin ana ba da hutun makaranta gari ya yi fayau alhali yawancin mutane suna nan suna zuwa aiki.

Bayan nan ka ƙirga kawuna, ba ƙarafa ba. Ka ja layuka a takardarka, ƙananan motoci na gida, adaidaita, babur, bas, manyan motoci. Minti goma, duk wadda ta wuce ka yi mata zane, kuma ka ɗan leƙa mutum nawa ke ciki. Ka ninka sau shida ka samu na awa. Abin da galibi za ka tarar shi ne motocin gida su suka fi cin fili, amma mutum ɗaya ne ko biyu a ciki, direba da jakarsa, su kuwa mafi yawan mutanen suna matse a adaidaita da bas ko suna tafe a ƙasa a gefen kwata. Mutum sittin a motocin gida arba'in, ka jera su da tazararsu sun cika titi mai tsawo, mutum sittin ɗin nan doguwar bas ɗaya ce. In an ce za a kashe biliyoyi a ƙara layi, ka tambayi kanka wa zai hau layin nan, kaso nawa ne na mutanen da ka ƙirga.

Daga nan ka hau abin hawa ka bi titin da za a faɗaɗa har inda aikin zai tsaya, ka ga me ke jiransa a can. Wannan tambayar ita ce ta fi saurin tona asirin aiki. Layi shida da za su ƙare a bakin tsohuwar gada mai layi biyu, ko a ƙofar kasuwa, ko a tsohon gari da ba yadda za a yi a rushe shi, ba su kashe gosulo ba, sun ɗauke shi ne sun kai shi gaba kuma sun kai masa motocin da sauri fiye da da. Gadar sama ma haka take. Tana warware mahaɗar da aka yi ta a kai, wannan ba musu, amma duk wanda ke tuƙi a Kano ko Kaduna ko Yamai ya san daɗin hawa gada a guje da kuma takaicin saukowa ka tarar layin na jiranka a mahaɗa ta gaba. In masu aikin ba su da amsar me zai faru a mahaɗa ta gaba, an gudu ne ba a tsira ba.

Ka kuma duba filayen da ke ƙarshen hanyar, ka ji me dillalai ke cewa. In tun ba a kawo katafila ba kuɗin fuloti ya fara tashi, ana ta yanka gonaki ana kafa duwatsu, to motocin da za su cika sabon titin ga su nan ana haƙa musu fandisho. Abuja ta isa misali. An faɗaɗa hanyar Kubwa da ta filin jirgi zuwa layi goma, tafiya ta yi daɗi ƙwarai, Lugbe da Kubwa da Dutse da Gwarinpa da abin da ke bayansu suka yi ta cika da rukunin gidaje, ma'aikata kuwa duk safiya wuri ɗaya suka nufa, sakatariya da tsakiyar gari. Ta ɓangaren Nyanya da Mararaba da Masaka kuwa ba sai an ba kowa labari ba, dubban mutane na kwana a Nasarawa suna aiki a Abuja saboda haya a cikin gari ta fi ƙarfinsu, hanya ɗaya ce kuma ƙwaƙƙwara. Matsalar wurin ta gidan haya ce da rashin jirgi ko manyan bas masu tsari, kwalta ita kaɗai ba za ta iya da ita ba. Ko baifas ma ba ta tsira ba. Baifas ta yamma a Kaduna, wato titin Nnamdi Azikiwe, an yi ta ne don matafiya su zagaye gari, yau unguwanni da shaguna da garejoji sun rufe ta gaba da baya ta zama titin cikin gari, ta gabas a Kano ma ta kama wannan hanyar. Baifas tana aiki ne in an hana kowa buɗe ƙofar shagonsa a kanta, an iyakance wuraren shiga da fita, in ba haka ba shekara goma sha ta isa.

Yanzu ina faɗaɗawa ke da amfani, don kada a ce mu 'yan hana ruwa gudu ne. Hanyar da ke tsakanin gari da gari daban take. Mayar da hanya mai hannu ɗaya tagwaye, irin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano ko Kano zuwa Maiduguri, babban amfaninta rai ne, ta raba masu tahowa da masu tafiya, an huta da gaba-da-gaba wajen obatekin ɗin tirela, wannan ko gosulo bai ragu ba ya isa dalili. Haka in kan layin da ka gano gajeren wuri ne da ya tsuke, gada ɗaya ko kwalbati, alhali gabansa da bayansa a buɗe suke, gyara wannan wurin kaɗai na iya yin aiki mai kyau da kuɗi kaɗan. Haka garin da kogi ya raba, kamar Yamai da ta yi shekara arba'in da gada ɗaya tal tun gadar Kennedy ta 1970 kafin a buɗe ta biyu a 2011, nan ƙarin mashiga dole ne. Haka sabuwar unguwar da ba ta da titi sam. Kuma masu kare aikin Houston suna da magana, suna cewa garin ya ƙara mutane sosai, titin yanzu yana ɗaukar jama'a fiye da da. Gaskiya ne. Sai dai a faɗa wa mutane haka tun farko, a ce wannan aikin zai ba ƙarin mutane damar bin hanyar, kada a ce musu gosulo zai ƙare.

Akwai ma abin mamaki ta ɗaya gefen. A Seoul ta Koriya ta Kudu, 2003 suka fara rushe wata doguwar hanyar sama da ta ratsa tsakiyar gari wadda ita da titin da ke ƙarƙashinta suke ɗaukar motoci sama da 160,000 a rana, suka buɗe rafin Cheonggyecheon da aka binne a ƙarƙashinta, aka gama a 2005. An yi ta cewa gari zai tsaya cak, bai tsaya ba, domin a 2004 sun gyara tsarin bas ɗinsu gaba ɗaya, ga jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane suka sake hanya da lokaci. Yadda buɗe titi ke kiran mota haka rage shi ke sallamar wasu.

In kana son ka san me ke rage cunkoso da gaske, abin da ya fi tabbata ba shi da farin jini, kuɗi ne. Singafo ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari da mota tun 1975, Landan ta fara a 2003 da fam 5 a rana, Stockholm ta Suwidin ta gwada a 2006 ta tabbatar a 2007, motocin da ke shiga suka ragu da wajen kashi 20 kuma ragin ya daɗe, New York ta bi sahu a Janairun 2025. Mu ma ai mun ga irinsa ba da shiri ba, bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, manyan tituna suka yi sarari, masu motoci suka ajiye su suna haɗa kuɗin mai mutum huɗu a mota ɗaya. Ba cewa nake wannan abin so ba ne, mutane sun sha wuya kuma suna sha, kuma ɗora wa talaka harajin titi alhali ba ka ba shi wata hanyar zuwa aiki ba zalunci ne. Abin lura dai shi ne ba a ƙara ko taku ɗaya na kwalta ba gosulo ya ragu.

Shi ya sa in za a faɗaɗa ɗin dole, abin da za ka nema shi ne a ware sabon layin ga manyan bas su kaɗai, da shingen kankare ba fenti ba, don fenti kam ba ɗan sahun da zai girmama shi. Bogota ta Kolombiya ta fara nata a 2000, Legas ta buɗe na Mile 12 zuwa CMS a 2008, Darussalam ta Tanzaniya a 2016, Dakar a 2024. Amma ka riƙe wannan don kada a ƙure ka a muhawara, su Duranton ɗin nan sun gano ƙara bas ma ba ya rage yawan motocin da ke kan titi, domin duk gurbin da wani ya bari wani zai shiga. Amfanin layin bas shi ne yana ba dubban mutane hanyar tsallake gosulon, masu motocin gida suna tsaye kai kana wucewa, kuma in mutane suka ƙaru bas ake ƙarawa ba gidajen mutane ake rushewa ba.

Maganar rusau kuwa, ka sa ta a lissafinka. Gida nawa da shago nawa za su tafi, an biya diyya kafin ko sai bayan. A Houston ɗin nan aikin faɗaɗa hanyar I-45 da suka fara a 2024 an ƙiyasta zai tashi gidaje sama da 1,000. Sannan ka tsaya a bakin titin ka yi tunanin tsohuwa da jikanta za su tsallaka layi takwas da rana tsaka. Titi mai faɗi in ba cunkoso, da dare ko da hantsi, filin tsere ne. Gadar masu tafiya a ƙasa kuma in an kai ta rabin kilomita daga inda mutane ke tsallakawa ba mai hawanta sai awaki da masu shanya.

In ka samu dama a taron jin ra'ayin jama'a, ko shirin rediyo da ake buga waya, ko ɗan majalisarku ya zo gida, ba sai ka yi zagi ba, ka yi sallama ka ce ranka ya daɗe, mota nawa ke bin titin nan a awa lokacin cushewa, kuma yaushe aka ƙirga? Minti nawa tafiyar take yanzu, minti nawa kuke sa ran za ta zama bayan shekara biyar, ba ranar buɗewa ba? Lissafin naku ya sa da sababbin motocin da titin zai jawo? Ina adaidaita da bas za su riƙa tsayawa su ɗauki fasinja? Masu kasa kaya ina aka tanadar musu? Kuma kafin a kawo katafila, an gwada mai arahar? Domin ana iya gwadawa da durom da igiya da 'yan ma'aikata na sati biyu, a hana fakin a mita ɗari biyu kafin mahaɗa, a ware wa 'yan sahu wurin lodi a gaba da mahaɗar ba a bakinta ba, a rufe wurin juyawa ɗaya, a gyara danja a sa mata sola, a cike ramin, a ce tireloli su sauke kaya da dare. In an yi haka layin ya ragu da rabi, an san ciwon. In an yi da gaske bai motsa ba, to mai cewa a faɗaɗa ya samu hujja.

Abu na ƙarshe, ka ajiye shaida tun yanzu, don mutane mantuwa gare su, in an buɗe titi kowa zai rantse da can awa biyu ake yi. Ka zaɓi wuri biyu tabbatattu, misali daga wani gidan mai zuwa wata mahaɗa, ka auna minti nawa kake yi ranar Talata ƙarfe bakwai da rabi na safe da biyar na yamma, ka maimaita sati uku ko huɗu ka ɗauki matsakaici. In Google Maps na nuna cunkoso a garinku ka ɗauki hoton allon wayar da kwanan wata a jiki, ka tura wa kanka a imel don kada waya ta ɓata. Kada ka auna lokacin da ake cikin aikin, kuma watanni shidan farko bayan buɗewa ma kada ka yanke hukunci da su. Ka sake aunawa bayan shekara ɗaya, da uku, da biyar, rana ɗaya, lokaci ɗaya, ka rubuta kuɗin litar mai na ranar a gefe don shi ma yana taɓa lissafin, kuma ka haɗa har da mahaɗa biyu da ke gaba da inda aikin ya tsaya.